Shekara Uku Na Kasa Taɓa Kayan Ɗakin Umma

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Rijiyar Zaki. Shekara uku ke nan da Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa a gidanmu na Yakasai. Tun ranar da 'yan zaman makoki suka watse aka kulle ɗakinta, Baba ya miƙo mini makullin saboda ni ce babba a mata. Mu biyar ta bari, maza biyu mata uku. Yanzu ƙanena zai yi aure bayan Babbar Sallah, Baba ya ce a kwashe kayan a gyara masa ɗakin. Sau biyu ina zuwa, da na buɗe ƙofa ƙamshin turarenta ya buge ni sai in zauna a bakin gado in yi ta kuka, in ja ƙofar in dawo gida. Kwalla da samira suna jere a kabet yadda ta bar su, ga akwatunan zannuwa huɗu, ga keken ɗinki, har gadon ƙarfenta na aure. Na ce a kawo mini su gidana, maigidana ya ce babu wuri. Ɗaki biyu da falo muke haya, ɗaki ɗaya cike yake da kayan aurena da ban taɓa buɗewa ba shekara goma sha huɗu, da ankon biki, da kayan da suka yi wa yara kaɗan, har yaran a falo suke kwana. Ƙannena mata sun ce a raba a huta, ni kuwa gani nake in aka raba kamar an sake binne ta ne. Har mun fara samun saɓani. Anti, ina mafita?

'Yarki daga Rijiyar Zaki

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah Ya jiƙan Umma, Ya yalwata mata kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma Ya ƙara muku haƙurin rashinta. Ƙamshin nan da kika ce yana bugunki a bakin ƙofa na san shi. Tawa mahaifiyar ta rasu ina da shekara talatin da ɗaya, kuma har yau in na ratsa layin masu turare a Kasuwar Kurmi na ji sandal da hawi a wuta, ƙafata da kanta take tsayawa.

Bari in fara da kukan, domin na lura kina ba da labarinsa kamar wani laifi kika aikata. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, mutanen Makka suka aiko da fansar 'yan'uwansu da aka kama. Cikin kamammun akwai Abul As, mijin Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW). A cikin abin da Zainab ta aiko a fanshi mijinta har da sarƙar wuyan da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin tarewarta. Nana A'isha ta ba da labarin cewa da Annabi ya ga sarƙar nan tausayi mai tsanani ya kama shi, ya ce wa sahabbai in sun ga dama su sakar mata mijinta su mayar mata da abinta, suka kuwa yi haka. A lokacin Khadija ta yi kusan shekara biyar da rasuwa. In sarƙa ɗaya ta motsa zuciyar fiyayyen halitta, ke da kika shiga ɗaki guda cike da mahaifiyarki ba wanda zai ce imaninki ne ya yi rauni.

To amma ga maganar da na san ba ita kika so ji ba, kuma in na ɓoye ta na cuce ki. Tun daga numfashin Umma na ƙarshe kayan nan suka tashi daga nata suka zama gado. Makullin da Baba ya miƙa miki amana ya ba ki ki tsare, bai mallaka miki ɗakin ba. Mu matan Kano muna da wata al'ada da ta daɗe tana damuna. In ana maganar gado sai hankalinmu ya tafi kan gida da fili da gona da kuɗin banki, amma zane da kwano da tabarma sai mu ga ba su kai a kira malami a kansu ba. Ko dai mata su shiga ɗaki su rarrabe a tsakaninsu, ko babbar 'ya ta kulle ta riƙe, maza kuma kunya ta rufe musu baki, don wane namiji ne zai ce yana neman kasonsa a zanen uwarsa? Alhali aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo, mata ma suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo ne yankakke. Wannan "kaɗan ne ko mai yawa" ita ta shigo da ludayi da cokali cikin lissafi.

Yadda kika zayyana gidanku, in iyayen Umma duka sun riga ta rasuwa, to bayan an biya bashinta, an zartar da wasiyyarta in ta bar wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, Baba yana da rubu'i, wato ɗaya cikin huɗu, tunda ta bar 'ya'ya. Ragowar a kasa gida bakwai, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. A misali, da za a yi wa kayan kuɗi su kama naira 280,000, na Baba 70,000 ne, kowane namiji 60,000, ke da ƙannenki mata kowacce 30,000. Kin ga ke da kike neman a kwaso miki ɗakin gaba ɗaya, haƙƙinki a ciki bai cika kashi ɗaya cikin tara ba. In kuwa mahaifiyar Umma ko mahaifinta yana raye, kowannensu yana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, lissafin ya canza, shi ya sa za ku kira malamin da ya san ilimin rabon gado ya zauna da ku. Ƙannenki da suka ce a raba suna kan gaskiya, ko da lafazin "a huta" ya yi miki zafi. Ki yi musu uzuri. Wata 'yar takan riƙe kayan uwa saboda so, wata kuma takan so a kawar da su daga idonta saboda son ne ya hana ta iya kallonsu. Ciki ɗaya kuka fito, ba ki fi su rashi ba.

Yanzu ki zauna ki tambayi kanki, me ya sa Umma ta tara kayan nan tun farko? Kakanninmu jeren ƙore suke yi, a ɗora wata kan wata har kusa da rufin ɗaki. Daga baya tasoshin tagulla irin na Bida suka shiga ɗakin masu hali, sannan kwalla da samira da langa suka mamaye gari. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shigo hannun ma'aikata, wajen 1974 zuwa 1975, aka shiga yayin kabet mai gilashi da rediyo da keken ɗinki. Mu kuma namu zamanin tangaran ne, ku naku kuloli. Kaya suna ta canzawa, amma aikin jeren bai canza ba a wurin iyayenmu: asusu ne. Macen da take cikin kulle, ba ta da banki, ribar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko kwasar adashi a kwano take zuba ta. Ranar da ciwo ya kwantar da yaro ko kuɗin makaranta ya gagara, a aika a kira dillaliya a ɗaga saiti ɗaya. Ranar da 'ya ta tashi aure, a sauke rabin jeren a kai mata ɗaki. Na tabbata cikin kwalayen da kika jibge a gidanki akwai abin da daga kabet ɗin Umma ya fito. Da suke cewa ajiya maganin wata rana, suna nufin ranar za ta zo a buɗe a yi maganin. Da Umma tana raye auren ƙanenki ya taso, me kike jin za ta yi? Da hannunta za ta buɗe akwatunan nan ta zaro turamen da za a ƙara a lefe, ba tare da ta waiwaya ba.

Ni sai da na yi asara na gane haka. Adakar mahaifiyata ce ta faɗo a kasona, cike da zannuwa: saƙi, da atamfofi 'yan Holan waɗanda ko ninkinsu ba a warware ba, da wani baƙin zane rinin Ƙofar Mata mai sheƙin bugu. Na tura ta ƙarƙashin gado na ce ba mai taɓa ta, haka ta zauna shekara goma sha ɗaya. Ƙanwar mahaifiyata, wadda suka tashi ɗaki ɗaya, ta taɓa roƙona zane guda ta riƙa sallah da shi, na ce mata Inna bari sai na buɗe. Ban buɗe ba har ita ma ta bi 'yar'uwarta. Wata damina cikin watan Agusta ruwa ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, dole na jawo adakar. Gindinta ya ci tsatsa ya huje, zannuwan ƙasa sun yi funfuna sun manne da juna, na sama asu ya yi musu ƙofofi, atamfofin kuwa ina ɗagawa suna tsagewa a kan layin ninki. Cikin zane sama da talatin, uku na tsira da su. Zannuwan na daina jin zafinsu tuntuni, roƙon Inna da ban biya ba shi ne har yau yake tashina da dare.

Ɗakin Umma ya sha damina uku a kulle, ya sha zafin bazarar Kano da yake haura digiri 40, ya sha ƙurar hunturu. In ginin ƙasa ne ko akwai azara, gara tana aikinta ba ta jiran izinin kowa. Ɓeraye ma ɗakin da ba a shiga suke so, kuma ta fitsarinsu da kashinsu ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, don haka ranar kwasa ku ɗaure hanci, ku yayyafa ruwa kafin shara, ku wanke duk kwanon da za a ci abinci a ciki da ruwan zafi da sabulu. Kowace shekara kika ƙara, abin da za a raba raguwa yake yi, kuma haƙƙin mutum shida ne yake raguwa a hannunki.

Sau biyu kina zuwa ke kaɗai, sau biyu kina dawowa. Kada ki sake zuwa ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki kira ƙannenki, ki fara da ba su haƙuri kan jinkirin, ku sa rana da sanin Baba da 'yan'uwanku maza. Ku ɗauki babbar mace guda ɗaya, 'yar'uwar Umma ko aminiyarta, wadda ta san asalin kowane kwano, kuma wadda in murya ta fara tashi za ta ce kai ku yi shiru a ji. Ku je da hantsi. Ku buɗe ƙofa da taga, ku shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ku fito da kayan waje. Wannan fitowar tana da muhimmanci fiye da yadda kike zato. A cikin duhun ɗaki, da ƙamshinta, da komai a inda hannunta ya ajiye shi, kowace samira Umma ce. A tsakar gida cikin rana za ki ga samira ce mai ɓantararren baki, za ki iya ɗaga ta ki juya ta ki yanke shawara a kanta. In kuka ya zo ku yi abinku tare, ku share hawaye ku ci gaba. Kuma ba dole a gama a yini ɗaya ba, tsakanin yanzu da Babbar Sallah akwai Asabar da yawa.

Kafin a yi maganar na wane da na wance, a fara fitar da abin da ba na Umma ba. Tsofaffinmu ma'ajiya ne. Maƙwabciya takan kawo sarƙarta ta ce Hajiya ajiye mini kada maigida ya gani, wata ta kawo kwalla jingina ta karɓi kuɗi, wata zubin adashinta yana hannunta. Shekara uku ƙofa a kulle, mai yiwuwa akwai baiwar Allah da kunya ta hana ta zuwa ta tambaya. Ku sanar a cikin dangi da maƙwabta cewa za a buɗe ɗaki, mai ajiya ko mai bin bashi ya yi magana, wanda Umma take bi ma ya faɗa. Wannan ya fi duk wata sadaka da za ku yi mata gaggawa. Sannan kada zane ɗaya ya bar gidan ba a warware shi an kakkaɓe ba. Ku duba ƙullin bakin zane, da cikin matashin kai, da ƙasan kwalla ta can ƙarshen jere, da gwangwanayen madara. A irin wuraren nan ake samun 'yan kunnen gwal, da takardar fili, da 'yar takardar da ta rubuta masu bashi, har da sule da kwabo mai huji na kafin zuwan naira a 1973.

Alƙur'aninta da littattafan addu'a masu kyau, wanda zai karanta a cikinku ya ɗauka, sauran a kai masallaci ko Islamiyya. Waɗanda suka yayyage, da duk takarda mai sunan Allah, ba a haɗa su da shara; a ƙona su a wuri mai tsarki ko a binne. In kuka ci karo da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ajami da ta gada, kada ku yi saurin ƙonawa, ku nuna wa masana, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan don adana kayan tarihi. Ragowar magungunanta na asibiti kuwa kada tausayi ya sa a ba wata tsohuwa mai irin ciwonta, sun daɗe da lalacewa.

Wajen yi wa kaya kuɗi ku samo dillaliya mai amana wadda ta san kasuwar yau, domin abin da Umma ta saya da tsada a da ba lallai ya riƙe darajarsa ba, wani kuma da kuke rainawa ya fi ƙarfin zatonku. Gwal a kai a auna, a ji bakin mutum biyu ko uku kafin a tsayar da farashi. Tasar tagulla ta asali kada ku bari 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli su biya ku kuɗin kilo, masu kayan gargajiya a Kurmi sun san darajarta. Su 'yan gwangwan a bar musu abin da ya huje ko ya karye. Keken ɗinkin nan ma a kira mai gyara ya zuba masa mai ya gwada shi, tsofaffin kawunan Singer da Butterfly suna da ƙarko, kuma keke ɗaya yana iya riƙe gidan bazawara da marayunta. In an gama kimantawa, wanda yake son wani abu ya ɗauke shi a cikin kasonsa, in ya haura ya cika wa 'yan'uwa. Mai yafewa ya yafe da bakinsa, da yardar ransa, kada a yafe a madadin kowa. Sau da yawa maza sukan ce sun bar wa mata, amma a bari su faɗa da kansu, kuma a tambayi Baba shi ma a keɓe. Shekara nawa ya yi da matar nan? Wataƙila akwai kofin da take ba shi ruwa da shi, yana so, nauyin baki ya hana shi nema.

Ke kuma me za ki ɗauka? Ki nemi abin da hannunta ya fi taɓawa. Na lura kwalla da samira da kika lissafa mini su ne abin da Umma ta fi ƙarancin taɓawa a ɗakin, sai dai a sauke a goge a mayar in Sallah ta matso. Carbinta fa? Mayafin da take sallar asuba da shi? Kaskon turarenta, da ludayin da take dama muku kunu, da zanen goyon da ta goya ku biyar ɗin nan da shi? Waɗannan ba sa cika jaka ɗaya, kuma in an yi musu kuɗi ba su taka kara sun karya ba, don haka ba wanda zai yi jayayya da ke a kansu. Ki ɗauke su ki yi amfani da su. Ki ja carbin, ki yi sallah da mayafin. Atamfa mai kyau da ta faɗo a kasonki ki kai wa tela ya ɗinka wa 'ya'yanki mata, ki ce musu wannan zanen kakarku ne. Kafin a sauke jeren ki ɗauki hotonsa da wayarki daga kowane ɓangare, ki tura wa 'yan'uwanki. In kuma akwai saƙonnin muryarta a WhatsApp a wayar wani daga cikinku, yau ɗin nan a kwafe su a adana a wuri biyu ko uku, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Muryar Umma tana ce miki "kin tashi lafiya, ya yaran?" ta fi kabet goma.

Abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki nasa, in kun amince ku yi mata sadaka da shi. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Zanen da yake ninke a akwati ba ya kai mata komai, wanda wata take rufe jikinta da shi tana cewa Allah Ya jiƙan mai shi yana kaiwa. Ku fara da mutanenta. Manzon Allah (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija da naman bayan rasuwarta, kuma aya ta 8 a Nisa'i ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a faɗa musu magana mai daɗi. 'Yan'uwan Umma, aminanta, matar da take taya ta wanke-wanke, mai yi mata kitso, kowacce a kai mata zane ɗaya har gida a ce ga na tunawa da Hajiya. Kada ki yi irin tawa da Inna.

Gado da kwanuka kuwa, a unguwarku ta Yakasai kaɗai na san ba za a rasa yarinyar da aka ɗaga bikinta saboda kayan ɗaki ba. Ki tambayi malamar Islamiyya ko matar mai unguwa, sun san gidajen da ake rufa asiri ba a roƙo. A kai da daddare, ba tare da sanarwa ba. Sai dai a kiyaye gargaɗin aya ta 267 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya nufi mummuna ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Wanda ya yage ya zama tsumman goge-goge, wanda za a bayar a wanke shi a goge a ninke. In kin san zuciyarki ba za ta ɗauki ganin zanen Umma a jikin maƙwabciya ba, a aika da shi wurin dangi na ƙauye.

Sai gidanki. A nan zan ɗan matsa miki, domin da na zo wurin da kika ce yara huɗu a falo suke kwana sai da na ajiye wasiƙar. Kuɗin hayar ɗaki biyu maigidanki yake biya duk shekara, ɗaya kwalaye ne suke kwana a ciki, 'ya'yanki suna naɗe shimfiɗa kowace safiya, in an yi baƙo su rasa inda za su sa kansu. Suna girma, nan gaba kaɗan dole a raba wa maza da mata makwanci. Da ya ce babu wuri ba rashin tausayi ba ne, kuma ki gode masa da bai ce ki zaɓa tsakanin kayanki da na Umma ba. Na san amsar da za ki ba ni, ita ce amsar kowace uwa: ina ajiye wa 'yata. Ki dubi kwallar Umma ki ga amsar. Ke da kanki ba ki yarda an jera miki ita ba da za ki yi aure, kuloli kika ce. Kulolin shekara goma sha huɗu da suka wuce, in aka ƙara musu wasu goma, wace amarya ce za ta yarda a kai mata su? Robar murfinsu ma ta bushe kafin lokacin. Ki kira dillaliya tun suna da sauran kasuwa, ko ki ɗauki hotonsu ki sa a zaurukan WhatsApp na mata masu saye da sayarwa. Kuɗin ki sayi ɗan gwal ki ajiye mata, shi ba ya cin wuri kuma yayinsa ba ya wucewa, ko ki sayi gado mai hawa biyu ki mayar da yaran ɗaki.

Anko kuwa ciwo ne da ya kama mu duka. Biki ɗaya atamfa da leshi, a sa sau ɗaya a ɗauki hoto a ninke. Duk wanda Sallah biyu suka wuce ba ki sa shi ba, ba za ki sa shi ba. Kayan da suka yi wa yara kaɗan ki bar na suna guda ɗaya ga kowane yaro in kina so, sauran akwai 'ya'yan dangi, akwai gidan marayu na Nassarawa. Mutane suna tafiya har Ƙofar Wambai su sayi gwanjo da kuɗinsu, alhali wanda ya fi shi kyau yana ruɓewa a buhu a ɗakinki. Amma kada ki haɗa aikin biyu a lokaci guda. Ki fara da naki, kwali ɗaya a rana bayan yara sun tafi makaranta, hannunki ya saba da bayarwa a kan abin da ba ya sa ki kuka, kafin ranar Yakasai ta zo.

Akwai abin da ba ki rubuta ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganarki. Ba rabon kayan kaɗai kike tsoro ba, har da ranar da za ki shiga gidanku ki ga an yi wa ɗakin fenti, an sa labule sabo, wata yarinya da ba ta san Umma ba ta fito daga ciki tana yi miki sannu da zuwa. Ranar za ta yi zafi, ba zan ce miki ba za ta yi ba. Ki riƙe a ranki cewa yarinyar ba ta ƙwace komai ba, kuma ƙanenki maraya ne irinki, zai yi aure babu uwar da za ta tsaya masa. Ke ce a matsayinta yanzu. In kuma bayan an gama duk wannan kika ga baƙin cikin ya hana ki barci ko cin abinci ko kula da yara, mako yana bin mako, ki je ki ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da yake duba irin wannan damuwar, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ƙamshin kuma, wanda shi ne ya zaunar da ke a bakin gado har sau biyu, ba a bangon ɗakin aka halicce shi ba, haɗi ne da Umma take yi da hannunta. Ki duba cikin kabet ko ƙarƙashin gado, za ki samu kwalbar turaren wutarta da ragowa a ciki. Ki roƙi 'yan'uwanki su bar miki ita. Ki kai wa aminiyarta ta shinshina ta faɗa miki abin da ke ciki, sandal ne ko hawi ko gajiji ko farce, da irin turaren ruwan da take jiƙa shi da shi, sannan ki riƙe hannunta ku shiga Kurmi ku sayo. Ku haɗa da yawa, ki cika kwalba shida. Ɗaya taki, huɗu na 'yan'uwanki, ɗaya ta Baba. Daga cikin ta ƙanenki ki ɗebi kaɗan ranar da za a kawo amarya, ki zuba garwashi a kaskon Umma, ki turara ɗakin da hannunki kafin motoci su iso.